Yaya ake auna gamsuwar baƙi da 'yan jagoran daji masu lasisi a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen nazarin gandun daji da namun dawa, ina shirin rubuta kundin digiri na biyu. Na ji cewa a Amurka hukumomin da ke riƙe da filayen gwamnati sukan tambayi mutanen da 'yan jagora masu lasisi suka kai cikin daji ko sun gamsu da hidimar da aka yi musu. Yaya ake yin wannan binciken? Kuma sakamakonsa ya isa a sabunta wa mutum lasisi ko a ƙwace shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bari in fara da ƙarshen tambayarki don shi ne mai sauƙi. A'a, bai isa ba. Takardar tambayoyin gamsuwa tana nuna yadda jagora ya riƙe baƙonsa, amma yadda ya riƙe dajin ba ya fitowa a cikinta sai an yi dabara. Ita kuwa hukuma amanar biyun ce a wuyanta, kuma ba kullum baƙo da daji suke son abu ɗaya ba.

Sai kin san tsarin kafin ki gane inda gizo ke saƙar. Gwamnatin tarayyar Amurka tana da fili kusan eka miliyan 640, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na ƙasar gaba ɗaya. Mafi yawansa yana hannun hukumomi huɗu: Hukumar Gandun Daji, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar noma tana riƙe da eka miliyan 193, da Hukumar Kula da Filaye da ake kira BLM, da hukumar wuraren shaƙatawa na ƙasa, da ta kifi da namun dawa. A ranar 3 ga Satumba 1964 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar ƙungurmin daji, wadda ta keɓe wasu yankuna daga cikin waɗannan filaye aka ce a bar su yadda Allah ya halicce su. Babu titi, babu mota, babu inji, ko keke ba a shiga da shi. An fara da eka miliyan 9, yau sun haura miliyan 111. Dokar ta hana kasuwanci a ciki, sai dai ta bar ƙofa ɗaya: an yarda a yi hidimar kuɗi "gwargwadon buƙata" don mutane su amfana da dajin ta hanyar da ta dace da shi. Ta wannan ƙofar 'yan jagora suke shiga. Ki riƙe kalmar nan ta gwargwadon buƙata, za mu dawo gare ta.

Akwai bambancin da ɗalibai kan tsallake. A ayarin fatakenmu na da akwai madugu uban tafiya, akwai kuma jagaba mai shiga gaba. Can ma haka ne. Mai kamfani, wato madugun, shi ke da takardar izini, shi ke da dawakai da alfadarai da kwale-kwalen roba da tantuna, shi ke biyan inshora. Jagora kuwa galibi ma'aikacinsa ne, sau da yawa matashi mai aikin bazara. A jihohi irin su Idaho da Montana akwai kuma lasisin jiha bayan izinin tarayya. A Hukumar Gandun Daji izinin kan kai shekara 10, madugu yana biyan kashi 3 cikin 100 na kuɗin da ya samu, kuma ana ƙayyade masa kwanakin hidima, wato baƙo ɗaya yini ɗaya shi ne kwana ɗaya. Kowace shekara jami'in da ke kula da izinin yakan auna aikinsa ya sa shi a ɗaya daga matakai uku: ya yi daidai, yana kan gargaɗi, ko bai karɓu ba. To idan baƙo ya rubuta "ban ji daɗi ba", wa yake nufi? Yaron da ya tuƙa kwale-kwalen, ko kamfanin da ya yi masa alkawarin abin da babu? Takardar da ba ta raba waɗannan biyun ba ta gauraya gero da tsakuwa tun daga farko.

Hukumar tarayya ba ta tashi kawai ta buga takarda ta raba. Akwai dokar rage yawan takardu ta 1980, wadda aka sabunta a 1995. Duk hukumar da za ta yi wa mutum 10 ko fiye tambayoyi iri ɗaya sai ta nemi amincewar ofishin kasafi na fadar shugaban ƙasa, OMB. Sai ta fitar da sanarwa ta ba jama'a kwana 60 su faɗi ra'ayinsu, daga baya a ƙara wasu 30, ta faɗi minti nawa amsawar za ta ci wa kowane mutum da abin da za a yi da amsoshin. Amincewar ba ta wuce shekara 3. Abin yana da jan ƙafa, amma yana da amfani ɗaya da nake so ki ara: yana tilasta wa mai bincike ya faɗi hukuncin da zai yanke da kowace tambaya kafin ya yi ta. Hukumar Gandun Daji tana da wani babban binciken baƙi tun shekarar 2000, inda ake zagayowa kan kowane gandu bayan shekara biyar, masu tambaya suna tsayawa a mafita a ranakun da aka zaɓa da ƙuri'a. Sai dai baƙin 'yan jagora 'yan kaɗan ne a cikin taron, ba za ki iya auna madugu ɗaya da shi ba. Shi ya sa ake buƙatar bincike na daban.

Yanzu ga babbar matsalar. Idan kika tambayi mai yawon daji "ka gamsu?", kusan kowa zai ce e. A binciken hukumomin nan adadin masu cewa sun gamsu yakan haura kashi 90 cikin 100, shekara da shekaru. Ma'aunin da kowa ke cinye shi ba ya raba gwani da ragon maza.

An gano wannan tun tsakiyar shekarun 1970 a Grand Canyon, babban kwazazzabon nan na jihar Arizona. Masu bincike Bo Shelby da Joyce Nielsen sun sa masu lura suka bi ayarorin kwale-kwale a kogin Colorado, suna ƙirga sau nawa ayari ya haɗu da wani ayari, sannan aka tambayi fasinjoji yadda suka ji. Tunanin kowa a lokacin shi ne in mutane suka yi yawa a kogi, daɗin tafiya zai ragu. Sai ga shi kusan babu alaƙa tsakanin yawan haɗuwar da gamsuwar da mutane suka faɗa. Masana suka yi ta bin dalili. Mutum shi ya zaɓi tafiyar da kansa, ya kashe kuɗi masu yawa, ya ci hutun shekararsa a kai, ba zai so ya gaya wa kansa ya yi asara ba. Da yawa zuwansu na farko ne, ba su da abin kwatance. Wanda ya je neman kaɗaici ya tarar da taro yakan sauya wa tafiyar suna a zuciyarsa, ya ce ai dama nishaɗin jama'a na zo yi. Wanda kuma abin ya ɓata wa rai ƙwarai ya daina zuwa, ba ya cikin waɗanda kike tambaya. Wurin zai iya lalacewa sannu a hankali alhali makin gamsuwa yana nan daram, domin masu amsawar ne ke sauyawa. Wannan na daga abin da ya sa Hukumar Gandun Daji ta koma ga wani tsari a 1985, wanda George Stankey da abokan aikinsa suka fitar, inda ake tsayar da iyakar sauyin da za a lamunta a ƙasa: faɗin wurin da ciyawa ta mutu a zango, yawan itatuwan da aka sassare, yawan ayarin da ake haɗuwa da su a yini. A dajin Bob Marshall na Montana aka fara gwada shi sosai.

Matsala ta biyu ta fi ba ni haushi, domin tana hukunta mai gaskiya. Ɗauki dutsen Rainier a jihar Washington, mai tsayin mita 4,392, wanda kamfanoni masu izini ke hawa da mutane. Kusan rabin masu yunƙurin hawa ne ke kai ƙololuwa. Jagoran da ya duba sama da tsakar dare ya ga iska ta sauya, ya ce wa mutanensa a juya, wataƙila ya ceci rayuka, amma a takardar gamsuwa zai sha ƙasa a hannun wanda ya yi kasada ya dace. Haka jagoran farauta da ya hana baƙonsa harbi don hasken ya yi ƙasa ko dabbar ta yi nisa. Haka wanda ya ƙi kafa tanti a bakin tafki, inda hoto ya fi kyau, ya ja da baya ƙafa 200, kimanin mita 60, kamar yadda ƙa'idar masu yawon daji ta "kada a bar sawu" ta tanada. Wancan kuwa da ya ɗaure alfadaransa a jikin itace suka cinye ɓawon, ya hura ƙatuwar wuta aka yi hira har dare ya raba, baƙinsa za su ba shi biyar bisa biyar da zuciya ɗaya.

Bari in kai ki bakin ruwa ki gani. A kogin Middle Fork na Salmon, cikin dajin Frank Church a Idaho, ayari bakwai kacal ake bari su tashi a rana a lokacin cunkoso. Tafiyar mil ɗari ce, kwana biyar ko shida. Doka ta ce a hura wuta a cikin kaskon ƙarfe, a kwashe tokar a fita da ita, a tace ruwan wanke-wanke da rariya, bahaya ma a akwati ake yi a fito da shi. Ranar ƙarshe an iso Cache Bar, inda ake fitowa. Mutane sun kwana shida wannan yaron yana dafa musu abinci, yana ɗaure musu rigar hana nutsewa, wata ma ya tsamo ta daga ruwa da hannunsa. Ana rungume-rungume, ana musayar lambar waya, kowa yana lalubo ambulan ɗin tukuici. A daidai nan ne jagoran ya zaro takardu daga jakar roba ya ce, don Allah ku ɗan cike mana wannan, ga biro. Yana tsaye yana naɗe igiya, taku uku daga gare su. Wa zai rubuta cewa ranar Laraba an zubar da toka a bayan dutse? Ko Bature yana da tasa alkunyar.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin, shi ya sa nake jan kunnenki. Ina sabon shiga aikin, a wani gandu da ba sai na faɗi sunansa ba, na ga zirga-zirga za ta yi mini yawa, sai na bar takardun a hannun masu kai baƙi na ce su riƙa rabawa. Da na dawo karɓa na tarar da su a jere tsaf, ko lanƙwasa babu. Ina dubawa sai na lura da yawa da biro ɗaya aka cike su, kuma wata kalma an yi kuskuren rubuta ta iri ɗaya a takarda bayan takarda. Ban ce an yi ha'inci ba, mai yiwuwa baƙin ne suka faɗa aka rubuta musu. Amma na ba kura ajiyar nama, laifin nawa ne. Aikin wata biyu na zubar.

Saboda haka abu na farko shi ne hannun da ya ba da takarda da hannun da ya karɓa kada ya zama na wanda ake aunawa. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a sa cikin sharuɗɗan izini cewa madugu zai miƙa jerin baƙinsa, ko kuma mai bincike ya tsaya a mafita a ranakun da ƙuri'a ta zaɓa ya karɓi adireshi ko imel da yardar mutum. Idan madugu ne zai zaɓo waɗanda za a tuntuɓa, masoyansa zai kawo miki. Sannan a bar mutum ya koma gida ya huta, mako ɗaya zuwa biyu, ɗokin rabuwa ya lafa amma bai manta ba. Masanin bincike Don Dillman ya nuna tun 1978 cewa tuntuɓa sau da yawa cikin ladabi, da saƙon farko da tunatarwa da sake aika takardar, ita ke ɗaga yawan masu amsawa. Kada ki raina wannan. Waɗanda ke amsawa a karon farko galibi masu murna ƙwarai ne da masu fushi ƙwarai, na tsakiya sai an bi su. Ki kwatanta amsoshin farko da na waɗanda suka amsa a makare, in sun bambanta to ki san waɗanda ba su amsa ba sam suna da nasu labarin. Kuma ki tabbatar wa mutum cewa madugu ba zai ga sunansa ba. A ayarin mutum shida wannan alkawari yana da wuyar cikawa, domin "tsohuwar da gwiwarta ta kumbura" mutum ɗaya ce, sai a tara amsoshin kaka guda kafin a nuna wa kamfani.

Sai tambayoyin kansu, kuma nan ne gwaninta take. Ki rage tambayar yaya ka ji, ki yawaita tambayar me ya faru. Baƙo bai san ko jagoransa ƙwararre ne a agajin gaggawa ba, amma ya san ko an tara su an yi musu bayanin haɗari kafin a tashi. Ya san ko an duba rigarsa an ja maɗaurin. Ya san inda aka ajiye abinci da dare a yankin da dabbar beyar take, a akwatin ƙarfe ko rataye a sama ko kuwa cikin tanti. Ya san mutum nawa ne a ayarinsu, da inda aka ɗaure dabbobi, da abin da aka yi da shara. Ya san ko jagora ya sha giya a bakin aiki. Ki yi tambayar ba tare da nuna wace amsa ce mai kyau ba. "Kimanin taku nawa ne daga tantinka zuwa ruwa?" ta fi "shin jagoranka ya kiyaye muhalli?" sau goma, domin ta biyun kowa ya san abin da ake so ya ce. Da irin wannan baƙo yake zama idon hukuma a wurin da ma'aikacin sintiri ba ya kaiwa sai sau ɗaya a kaka, ko ma ba ya kaiwa.

Don ɓangaren jin daɗi, ma'aunin Likert mai matakai biyar, wato mutum ya ba da maki daga ɗaya zuwa biyar, ya wadatar, amma ki yi kowace tambaya sau biyu: yaya muhimmancin abin yake a gare ka, kuma yaya aka yi shi. Martilla da James ne suka fito da wannan dabara a 1977 don 'yan kasuwa, masu nazarin yawon daji suka ɗauka. Abin da ya fito da muhimmanci sama, aiki ƙasa, shi ne wurin gyara. Da yake kusan duk makin a sama suke taruwa, kada ki tsaya kan matsakaici. Bambancin 4.8 da 4.6 ba ya gaya miki komai. Ki ƙirga mutum nawa suka ba da uku ko ƙasa, ki karanta abin da suka rubuta. Ki tambayi abin da aka yi wa mutum alkawari kafin ya biya, domin rabin ɓacin rai daga talla yake fitowa. Ki kuma rubuta yanayin tafiyar: an yi ruwa, hayaƙin gobarar daji ya rufe sama, an kai ƙololuwa ko an juyo, an samu abin farauta ko an dawo hannu rabbana. Sai ki kwatanta wanda aka juyo da shi da wani wanda aka juyo da shi. A ganina babu makin da ya kai darajar na mutumin da bai samu abin da ya je nema ba, amma ya ce gobe ma wannan jagoran zai bi.

Maganar adadi gajera ce. Da amsa 400 kuskurenki na iya kai kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa, da 100 ya kai 10, da 30 ya kusa 18. Ƙaramin madugu mai dawakai wanda baƙinsa na shekara ba su wuce 40 ba, ba za ki jera shi a teburi ɗaya da kamfanin kogi mai ɗaruruwa ki ce wannan na ɗaya wancan na tara ba. Zalunci ne da rigar lissafi. Ki tara shekara uku, ko ki karanta nasa a matsayin bayani kawai.

Akwai kuma mutanen da takardar baƙi ba ta taɓa jin muryarsu: mai tafiya da ƙafarsa ba jagora, wanda ya iso zango ya tarar ayarin kuɗi ya mamaye shi, ko ya bi hanyar da kofato ya maida ta caɓi. Dajin nasa ne shi ma. Irin waɗannan ne suka kai Hukumar Gandun Daji kotu a kan masu alfadarai a dazukan John Muir da Ansel Adams na Kalifoniya, kuma a 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce bai isa hukuma ta nuna ana buƙatar hidimar ba, sai ta nuna yawan izinin da ta bayar bai wuce gwargwadon buƙata ba. Kin ga kalmar nan ta dawo. Ko da duk baƙin masu alfadaran sun rantse sun ji daɗi, ba abin da kotu ta tambaya ke nan ba.

Shi ya sa jami'i mai hankali yake ɗora tukunyarsa a kan duwatsu uku. Akwai abin da ma'aikaci ya gani da idonsa a zango da kan hanya. Akwai takardu: rahoton haɗari, ƙorafe-ƙorafe, kwanakin da aka yi amfani da su, biyan kuɗi a kan kari. Sannan muryar baƙi. Idan baƙi uku daga tafiye-tafiye daban-daban suka ce ba a yi musu bayanin haɗari ba, wannan dalili ne na a tura ma'aikaci ya je ya gani, a kira madugu a zauna. Ƙwace izini kuwa sai da hujjar da za ta tsaya, domin madugu yana da damar ɗaukaka ƙara, kuma abincin iyalinsa da na ma'aikatansa ne a kai.

In kina tunanin gwada wannan a gida, a Yankari ko Gashaka-Gumti, ki lura cewa a wurarenmu mai shiga da baƙi daji yawanci ma'aikacin gandun ne da kansa, ba ɗan kasuwa mai izini ba, don haka hukuma kanta take aunawa, kuma ya fi kyau wani daga waje ya riƙe binciken. Sannan namu mutanen in kika ce yaya tafiya, "Alhamdulillahi" za ki ji, ko da mota ta lalace da su a tsakiyar daji. Tambayoyin me ya faru sun fi yi mana aiki fiye da yadda suke yi wa Amurkawa. Imel ba zai kai ki ko'ina ba, kiran waya ko WhatsApp bayan kwana biyar ya fi. Kafin ki buga takarda ko ɗaya, ki zauna da mutum goma sha biyu da suka taɓa zuwa, ki karanta musu tambayoyin da Hausa da Turanci, kowace tambaya ki ce su maimaita miki da bakinsu abin da suka fahimta ana tambaya. Wadda mutum uku suka fassara ta hanya uku, ki cire ta ki sake rubutawa, sannan ki kawo wa malamin da ke duba kundinki ya gani.